Hysteria na Def Leppard: faifan da sai ya sayar da miliyan biyar kafin a fara maganar riba

A ranar 3 ga Agusta, 1987, wata ƙungiyar mawaƙa daga birnin Sheffield na ƙasar Ingila mai suna Def Leppard ta fitar da faifanta na huɗu, wanda ta raɗa wa suna Hysteria. Tun kafin a kai shi kantuna, lissafin da ke gaban 'yan ƙungiyar shi ne sai an sayi kwafi wajen miliyan biyar kafin a mayar da kuɗin da aka narkar wajen haɗa shi, kamar yadda ɗaya daga cikin masu kaɗa musu jita, Phil Collen, ya sha faɗa daga baya. Wanda ya san kasuwar waƙa ta wancan zamani zai gane nauyin wannan adadi, domin a Amurka faifan da ya sayar da miliyan ɗaya har lambar yabo ake ba mai shi, a yi ta murna. Su kuwa waɗannan samari biyar sun kai kansu matsayin da ko sun sayar da miliyan uku, faɗuwa suka yi. Yadda aka yi suka shiga wannan hali, da abin da suka samu, da abin da ya salwanta a hanya, shi ne abin da ya sa har yau ake komawa kan wannan faifai ana muhawara.

Nau'in kiɗan da suke yi shi ne rok mai nauyi, wato kiɗan da ake gina shi a kan ƙarar jitar lantarki da dukan ganga mai ƙarfi da muryar mawaƙi mai tashi sama. Wannan kiɗa ya samu gindin zama a garuruwan masana'antu na Ingila tun ƙarshen shekarun 1960, kuma masoyansa, waɗanda akasarinsu samari ne 'ya'yan ma'aikata, suna da wata aƙida mai ƙarfi game da shi: suna ganin kiɗa ne na gaskiya, na gumi, wanda bai kamata ya yi fadanci ga gidajen rediyo ko ya roƙi yardar kowa ba. A wurinsu, babban zunubin da ƙungiya za ta aikata shi ne ta sassauta sautinta domin neman kasuwa. Def Leppard daga cikin irin wannan muhalli ta fito. Sheffield gari ne na ƙarfe da wuƙaƙe da cokula, kuma a wani tsohon ɗakin masana'antar cokali suka fara atisaye a ƙarshen shekarun 1970. Ƙaramin faifansu na farko, wanda ya fito a 1979, da rancen kusan fam 150 daga mahaifin mawaƙinsu Joe Elliott aka haɗa shi. Mai kaɗa musu ganga, Rick Allen, yana ɗan shekara 15 ya shigo cikinsu.

Amma tun daga farko akwai abin da ya bambanta su da tsararrakinsu, kuma ba su taɓa ɓoye shi ba. Elliott ya taso ne yana sauraron David Bowie da T. Rex da Queen da Mott the Hoople, mawaƙan da ke son ado da amshi mai daɗi da kowa zai iya rerawa, kuma suke alfahari idan waƙarsu ta hau saman jadawalin ciniki. Burin 'yan ƙungiyar shi ne su zama manya a duniya, musamman a Amurka, inda kuɗin yake. A faifansu na farko na 1980 har waƙa suka yi mai suna "Hello America", abin da wasu 'yan jaridar kiɗa na Birtaniya suka ɗauka a matsayin juya wa gida baya. Wannan zargi ya bi su shekaru, kuma alƙaluma sun nuna tasirinsa: faifansu na uku, Pyromania, wanda ya fito a farkon 1983, ya sayar da miliyoyi a Amurka ya kai matsayi na biyu, amma a ƙasarsu ta haihuwa bai wuce matsayi na 18 ba.

Abin da ya tare wa Pyromania hanya zuwa matsayi na ɗaya a Amurka shi ne Thriller na Michael Jackson, kuma daga nan ne labarin Hysteria ya samo tushe. Thriller ya sauya yadda kamfanoni ke kallon faifai gaba ɗaya. Kafin shi, abin da aka saba shi ne a sami waƙoƙi biyu ko uku masu ƙarfi a tura wa gidajen rediyo, sauran kuwa su cika wuri. Shi kuwa waƙoƙi tara ne a cikinsa, aka fitar da bakwai ɗai-ɗai, dukkansu suka shiga sahun goma na farko a Amurka, kowace waƙa tana jawo sababbin masu saye, har faifan ya shafe fiye da shekara yana ci kamar ranar ya fito. Ya kuma rushe katangar da ke tsakanin nau'o'in kiɗa, tunda har gwanin jitar rok Eddie Van Halen aka gayyato ya kaɗa a ɗaya daga cikin waƙoƙin. Furodusan Def Leppard, Robert John Lange, wanda aka fi sani da Mutt, ya dubi wannan ya ce wa 'yan ƙungiyar abin da ya kamata su yi shi ne su ƙera irin Thriller ɗin a fagen rok mai nauyi, faifan da kowace waƙa a cikinsa za ta iya tsayawa da ƙafarta a rediyo.

Ya dace a ɗan tsaya a kan wannan mutum, domin ba za a fahimci faifan ba sai da shi. An haife shi a 1948 a garin Mufulira da ke ƙasar Zambiya ta yanzu, ya tashi a Afirka ta Kudu, sannan ya koma Ingila. Shi ne ya haɗa wa ƙungiyar AC/DC faifansu Highway to Hell a 1979 da Back in Black a 1980, kuma shi ya riƙe Def Leppard tun faifansu na biyu a 1981. Mutum ne da ba ya son hira da 'yan jarida, ba ya son hoto, amma a cikin situdiyo ba ya yarda da abin da ya kusa daidai. Hanyarsa ita ce a wargaza waƙa gunduwa-gunduwa, a gwada kowane sashe, a jefar da wanda bai kama kunne ba, a ɗauko gaɓa daga wata waƙa a dasa a wata. Saboda haka ne sunansa ya fito a jerin marubutan dukkan waƙoƙi goma sha biyu na Hysteria tare da Elliott da Collen da ɗaya makaɗin jitarsu, Steve Clark, da mai kaɗa musu jitar bes, Rick Savage. A zahiri shi ne mutum na shida a ƙungiyar.

A farkon 1984 suka tare a Dublin ta ƙasar Ailan, inda suka koma domin kauce wa nauyin harajin Birtaniya, suka fara tsara waƙoƙi tare da Lange. Sai dai kafin a shiga ɗaukar sauti ya janye, saboda gajiyar da ta taru masa bayan shekaru yana aiki ba hutu. Aka ɗauko Jim Steinman, marubucin waƙoƙin mawaƙin rok na Amurka Meat Loaf, aka shiga situdiyon Wisseloord da ke Hilversum a ƙasar Holan. Tafiyar ba ta yi nisa ba, domin Steinman yana son a kama zafin lokaci ko da akwai 'yan kurakurai, su kuwa 'yan ƙungiyar sun riga sun sha tarbiyyar Lange, kunnensu ba ya iya jure kuskure. Aka sallame shi, aka biya shi, aka ajiye duk abin da aka ɗauka da shi. Suka gwada riƙe aikin da kansu tare da injiniyan sauti Nigel Green, nan ma bai gamsar ba. Kowace rana a irin wannan situdiyo kuɗi ce mai yawa, kuma tsarin kamfanonin faifai shi ne duk abin da aka kashe bashi ne a kan mawaƙi, za a cire shi daga kasonsa kafin ya ga ko sisi. Ta haka ramin ya fara zurfi.

Ana cikin wannan ne, a ranar 31 ga Disamba, 1984, Rick Allen ya yi haɗari da motarsa a kan hanyar A57 kusa da Sheffield, hannunsa na hagu ya guntule. Likitoci sun yi ƙoƙarin mayar da shi, amma ciwon ya harbu, dole aka cire. Yana da shekara 21 a lokacin. Makaɗin ganga da ya rasa hannu, a ganin kowa, sana'arsa ta ƙare, kuma da ƙungiyar ta nemi wani babu wanda zai zarge ta, musamman ga bashi yana hauhawa. Ba su yi haka ba. Allen ya fara tunanin yadda ƙafarsa ta hagu za ta karɓi aikin da hannun ke yi, aka haɗa masa gangunan lantarki tare da taimakon kamfanin Simmons, masu matakai a ƙasa waɗanda idan ya taka za su fitar da sautin da a da sai da sanda ake samu. A watan Agusta na 1986 ya hau dandamali a babban bikin Monsters of Rock da ake yi a Donington, taron dubban mutane ya karɓe shi da sowa. A nan ina ganin wajibi ne duk mai zargin wannan ƙungiya da son kuɗi tsagwaronsa ya yi adalci, domin jiran abokinsu ya sake koyon sana'arsa daga tushe shawara ce da babu wani akanta da zai ba su ita.

Akwai kuma wani abu a nan da ba a cika lura da shi ba. Tun a Pyromania, Lange ba ya fara ɗaukar waƙa da ganga kamar yadda aka saba. Yakan gina komai a kan bugun na'ura, ya bar ganga sai ƙarshe, kuma yawancin sautin gangar da ake ji an tace shi ne ta na'urar Fairlight, wadda ke adana sauti ta sake fitar da shi yadda ake so. Wannan hanya, wadda masu ra'ayin riƙau ke kallo a matsayin kashe ruhin kiɗa, ita ce ta ba da damar aikin ya ci gaba yayin da Allen ke jinya, kuma ita ce ta sa gangunansa na lantarki suka zauna daram a cikin sautin ƙungiyar ba tare da sun zama baƙi ba.

Da Lange ya dawo a 1985, kusan daga farko aka sake komai. Abin da aka yi a watannin da suka biyo baya, a Holan da Dublin da Faris, ya fi kama da aikin maƙera ko masaƙa fiye da abin da aka sani na ƙungiyar rok. Maimakon manyan lasifikan da makaɗa jita ke alfahari da su, an yi amfani da wata 'yar ƙaramar na'ura mai suna Rockman, wadda Tom Scholz na ƙungiyar Boston ya ƙirƙira, domin sautinta tsaf yake, ana iya jera shi hawa-hawa ba tare da ya cakuɗe ba. A wasu wurare, maimakon a kaɗa tsirkiyoyin jita tare a bugu ɗaya, sai a ɗauki kowace tsirkiya ita kaɗai sannan a haɗa su, domin kowace ta fito da haske iri ɗaya. Clark da Collen ba sa kaɗa abu guda. Kowanne yana da nasa zaren, zaruruwan suna saƙuwa da juna, har mai sauraro ya kasa tantance inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya ɗauka. Amshi kuwa, wanda shi ne tambarin faifan, an ɗauke shi sau gomomi ana ɗora murya a kan murya, har mutum uku ko huɗu su zama kamar taron filin ƙwallo. Wannan dabara daga Queen suka gaje ta, amma sun kai ta inda Queen ba ta kai ba. Tace sautin a ƙarshe, wanda injiniyan sauti Mike Shipley ya yi babban aiki a kansa, shi kaɗai ya ci watanni. A tsakani Lange ma ya yi haɗarin mota, Elliott kuma ya kwanta da hangum.

Tambayar da ta dace a yi ita ce: me ake nema da duk wannan wahala? Amsar tana cikin inda ake sa ran za a ji waƙoƙin. Rediyon mota da ƙaramar rediyon ɗaki da akwatin talabijin ba sa iya ɗaukar rugugin jitar rok yadda yake a fili; yakan zama hayaniya, mai sauraron da ba masoyin kiɗan ba kuma ya murɗa tasha. Lange ya so sautin da zai riƙe nauyinsa amma ya fito sarai ta kowace lasifika, yadda tashar da ke sa Michael Jackson ko Madonna za ta iya sa Def Leppard a bayansu ba tare da an ji an faɗa rami ba. Ya kuma so ya jawo mata, waɗanda a da ba su da yawa a cikin masu sayen irin wannan kiɗa, domin ya san faifan da samari kaɗai ke saye yana da iyakar da ba zai wuce ba. Shi ya sa aka ba waƙoƙin soyayya masu sanyi wuri na musamman. "Love Bites" ma da farko da salon kiɗan ƙauyen Amurka Lange ya kawo ta, aka sake mata tufafi. Tsawon faifan shi ma lissafi ne: ya haura minti 62, abin da ya yi wa baƙin faifan garmaho yawa, amma ya dace da kaset da kuma faifan CD da kasuwarsa ke tashi a lokacin.

Duk da haka kuskure ne a ɗauka cewa faifan lallausan abu ne daga farko har ƙarshe. "Rocket" an gina ta ne a kan wani salon dukan ganguna da Elliott ya ji a wani faifai na makaɗan Burundi, kuma tsakiyarta wani dogon fili ne na muryoyi da aka juya baya da sautuka masu yawo, abin da babu mai neman kasuwa cikin sauƙi da zai saka. "Gods of War", wadda hannun Steve Clark ya fi fitowa a cikinta, waƙa ce mai duhu a kan yaƙi, tana ƙarewa da muryoyin Ronald Reagan da Margaret Thatcher a cikin ƙarar makamai. Waƙar da faifan ya ci sunanta kuwa, a ganina, ita ce hujja mafi ƙarfi cewa wannan hanyar aiki tana iya haifar da abu mai taɓa zuciya, domin duk da an ƙera ta tsirkiya bayan tsirkiya, tana tafiya a natse kamar ruwa, babu inda ɗinki ya nuna.

Da faifan ya fito, gida ne ya fara karɓar sa. Waƙar "Animal" ta kai matsayi na shida a Birtaniya, karon farko da suka shiga sahun goma a ƙasarsu, faifan kuma ya hau matsayi na ɗaya. A Amurka kuwa, inda aka zuba dukkan buri, an fara da tuntuɓe. Shekara huɗu da rabi ba su fitar da komai ba, kuma a wannan tsakani Bon Jovi da ire-irensu sun mamaye filin da Pyromania ya share. Aka zaɓi a fara da "Women" domin a tabbatar wa tsofaffin masoya cewa ƙungiyar ba ta yi laushi ba, sai waƙar ta tsaya a matsayi na 80. Wannan zaɓi yana nuna cewa su kansu masu tsara tallan suna jin tsoron zargin da aka daɗe ana yi musu. Waƙoƙin da suka biyo baya sun fi taɓukawa, faifan ya sayar da wajen miliyan uku, sannan ciniki ya fara ja da baya a farkon 1988. Ga kowace ƙungiya wannan babbar nasara ce, amma su har lokacin ba su fita daga bashi ba.

Abin da ya cece su shi ne waƙar da aka rubuta a ƙarshe, kuma aka fi gaggawar haɗa ta. Ana dab da kammala aiki, a lokacin hutu, Lange ya ji Elliott yana rera wani ɗan amshi da jitar katako, ya nace cewa sai an mayar da shi waƙa, duk da an riga an makara ƙwarai. Ita ce "Pour Some Sugar on Me", wadda aka tsara baitocinta da salon furuci mai sauri irin na rap, a daidai lokacin da haɗin gwiwar ƙungiyar rap ta Run-DMC da ƙungiyar rok ta Aerosmith na 1986 ya nuna cewa rap da rok suna iya zama a tukunya ɗaya. Cikin kwanaki aka gama ta, a faifan da wasu waƙoƙinsa suka ci shekaru. Da aka fitar da ita a Amurka a 1988, tare da bidiyon da aka ɗauka a wurin wasa wanda tashar talabijin ta waƙoƙi, MTV, ta yi ta maimaitawa, sai ta kai matsayi na biyu, ta ja faifan gaba ɗaya zuwa matsayi na ɗaya a watan Yuli, kusan shekara guda bayan fitowarsa. "Love Bites" ta hau matsayi na ɗaya a watan Oktoba, "Armageddon It" ta kai na uku, "Rocket" ta rufe jerin a 1989. Waƙoƙi bakwai aka fitar ɗai-ɗai a Amurka, daidai da adadin na Thriller. A ƙarshe faifan ya sayar da kwafi miliyan 12 a Amurka kaɗai, da sama da miliyan 20 a duniya.

Wannan labari na waƙar ƙarshe yana da muhimmanci ga duk mai son auna hanyar Lange. Shekara uku na ƙira da gogewa sun samar da faifai mai inganci, amma ba su samar da tartsatsin da ya kunna kasuwa ba. Tartsatsin ya zo ne daga abin da ba a shirya ba. Sai dai kuma da babu sauran waƙoƙin da aka sha wahala a kansu, da waɗanda waccan waƙa ta jawo sun saya sun yi nadama, kuma da ba a sami abin da za a ci gaba da turawa rediyo har shekara ta gaba ba. Tsarin ya yi aiki, amma sai da sa'a ta taimaka masa, kuma tazarar da ke tsakanin wannan nasara da mummunar asara ba ta wuce waƙa ɗaya ba.

A wannan bazara ta 1988, faifan da Hysteria ya yi ta karɓe-karɓen matsayi na ɗaya da shi shi ne Appetite for Destruction na ƙungiyar Guns N' Roses, wanda ya fito a 1987, makonni biyu kacal kafin Hysteria. An haɗa faifan na Guns N' Roses cikin 'yan watanni, da kuɗin da bai kai dala rabin miliyan ba, kuma duk abin da Lange ya kankare daga kiɗan rok, wato ƙazanta da fushi da jin cewa komai na iya rushewa a kowane lokaci, shi ne jarin Guns N' Roses. Masu sukar Hysteria a nan suke kafa hujja, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Idan ka saurari faifan Def Leppard ba za ka ji mutum biyar a ɗaki ɗaya suna kallon idon juna ba, domin ba a taɓa yin hakan ba. Baitocin yawancin waƙoƙin an zaɓe su ne saboda yadda kalmomin ke zama a baki, ma'ana ta biyo baya, kuma wasu daga cikinsu ba su wuce zancen sha'awa marar zurfi ba. Rabin faifan na biyu yana da waƙoƙi biyu ko uku da ba su kai darajar na farko ba, abin da ke nuna cewa burin a ce kowace waƙa zakara ce bai cika ɗari bisa ɗari ba.

Inda na rabu da masu sukar shi ne a kan kalmar cin amana. Ana cin amana ne idan mutum ya bar abin da ya yi imani da shi saboda kuɗi. Def Leppard ba su bar komai ba. Abin da suke so tun suna yara a Sheffield shi ne su yi waƙoƙin da filin wasa zai amsa gaba ɗaya, kuma Hysteria shi ne cikar wannan so. Wanda ke neman kuɗi cikin sauƙi, da ya sake buga irin Pyromania a cikin wata shida, ya fitar a 1984 tun ƙarfe na da zafi, ya kwashi riba ba tare da kasada ba. Su kuwa sun jefa duk abin da suka tara a kan wani sauti da babu wanda ya taɓa ji, kuma babu tabbacin za a karɓe shi. Neman kasuwa a nan shi ne ya tilasta musu ƙirƙira, domin sai da suka warware wata matsala ta gaske, wato yadda za a sa kiɗa mai nauyi ya shiga kunnen wanda bai saba da shi ba. Ko a yawon wasannin da suka yi, sama da 200 tsakanin 1987 da 1988, sun kafa dandamali a tsakiyar zaure a Amurka maimakon a gefe ɗaya, abin da ya ƙara yawan kujerun da za a sayar, ya kuma kusantar da kowa ga mawaƙan. Da wuya a raba lissafin kuɗi da kyautata wa mai kallo a irin wannan shawara.

Farashin da aka biya ya bayyana daga baya. Steve Clark, wanda salon kaɗinsa ya fi na kowa sakewa da ɗaukar hankali a ƙungiyar, ya daɗe yana fama da shaye-shaye, kuma a ranar 8 ga Janairu, 1991, aka same shi ya rasu a gidansa da ke Landan yana da shekara 30, ana tsakiyar shirin faifan da zai biyo baya. Ba daidai ba ne a ɗora mutuwarsa a kan faifai, amma Hysteria ne aiki na ƙarshe da ya kammala, kuma bayansa sautin ƙungiyar ya rasa wannan duhu da yake kawowa. Faifan da ya biyo baya, Adrenalize, ya fito a 1992 ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya, sai dai a lokacin iska ta riga ta juya: ƙungiyar Nirvana ta fitar da faifanta Nevermind a watan Satumba na 1991, matasa suka koma ga kiɗa marar ado, duk wani abu mai sheƙi irin na shekarun 1980 ya zama abin gudu. Ƙungiyoyi da dama da suka kwaikwayi amshin Hysteria ba tare da haƙurin ƙera shi ba sun taimaka wajen gundurar da mutane. Da Def Leppard suka gwada sauti marar kwalliya a faifansu Slang na 1996, cinikinsa bai kai ko kusa da na baya ba. Lange kuwa ya ɗauki dabararsa ya kai ta wani fage: faifan Come On Over da ya haɗa wa mawaƙiya Shania Twain a 1997, da amshinsa mai hawa-hawa da jerin waƙoƙin da aka yi ta fitarwa ɗai-ɗai, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a tarihi, kuma mai kunne zai ji jinin Hysteria a cikinsa.

Rigimar kuɗi a kan waɗannan waƙoƙi ba ta ƙare da zamanin kaset ba. Da ciniki ya koma intanet, ƙungiyar ta yi shekaru tana takun saƙa da kamfanin Universal a kan kason da ya kamata ta samu, ta hana a sa tsofaffin faya-fayanta a dandalin sauraro har sai watan Janairu na 2018 da aka sasanta. A tsakiyar wannan rigima, a 2012, suka koma situdiyo suka sake ɗaukar "Pour Some Sugar on Me" daga tushe, suna ƙoƙarin kwaikwayon kowane sauti yadda yake a asali, domin su mallaki abin da za su sayar da kansu. Elliott, wanda ya haura shekara hamsin a lokacin, sai da ya zauna yana nazarin muryar da ya yi yana saurayi domin ya maimaita ta, sassan jitar da Clark ya kaɗa kuma sai wasu hannaye ne suka ɗauke su.